Akwatin Kifi Na Gilashi: Rabin Aikin Yana Ƙarewa Tun Kafin A Buɗe Silikon

 A wannan makon za mu ɗauki aikin da kulob ɗin JETS na kowace makaranta zai iya yi da ɗan karo-karo, wato haɗa akwatin kifi na gilashi, wanda ake kira akwariyam. Akwati ne mai fuska biyar, ƙasa ɗaya da gefe huɗu, babu ƙusa, babu ƙarfe, babu abin da ke riƙe da shi sai gam ɗin nan da masu aikin tagogin alminiyam ke kira silikon. Za mu fi tsayawa kan matakin da aka fi rainawa, alhali shi ke raba akwatin da zai shekara goma da wanda zai fara yoyo cikin wata guda: shirya fuskar gilashi kafin silikon ya taɓa ta.

Nauyin da ake ɗora wa ɗan siririn layi

Bari mu fara da lissafi, domin mu san abin da muke wasa da shi. Mu ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗin 30, tsayin 30. Idan muka ninka su za mu sami santimita kubik 54,000, wato lita 54. Ko an cire kaurin gilashi, ruwan zai kai kusan lita 50, jarka biyu ke nan ta lita 25. Tunda lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, akwatin yana ɗauke da nauyin buhun siminti guda, ban da tsakuwa da gilashin kansa.

Ruwa kuma ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, har gefe yake turawa. 'Yan ajin kimiyya sun san ƙa'idar: a ninka nauyin ruwa na kowace mita kubik, wato 1,000, da jan ƙasa, wato 10, da zurfin ruwa, wato mita 0.3. Amsar ita ce faskal 3,000 a can ƙasan akwati. A sama matsin sifili ne, don haka matsakaicinsa 1,500 ne. Faɗin doguwar fuskar gaba mita sukwaya 0.18 ne, idan muka ninka za mu sami niwton 270, wato kamar a ce wani abu mai nauyin kilo 27 yana tura gilashin waje, dare da rana, babu hutu.

To, me ke riƙe da wannan fuska? Layin silikon ne a ƙasa da gefe biyu, tsawonsa gaba ɗaya santimita 120, faɗinsa daidai kaurin gilashi, milimita 6. Idan aka haɗa faɗin wurin duka bai wuce tafin hannu ba. Kowane ɗigon maiƙo da ya zauna a wannan layin ya rage wa akwatin ƙarfi. Ranar da ya saki, jarka biyu na ruwa za su malale a ɗakin gwaje-gwaje, kifaye su mutu, kuɗin karo-karo ya tafi, kuma fasasshen gilashi yana iya yankar wani.

Yadda aka zo nan

An buɗe gidan kifi na farko da jama'a ke shiga kallo a gidan namun daji na Landan a 1853, kuma wani masanin halittu ɗan Ingila, Philip Henry Gosse, shi ya yayata kalmar akwariyam da littafinsa na 1854. Akwatunan wancan zamani firam ɗin ƙarfe gare su, ana liƙa gilashi a ciki da wani irin ƙulli mai kama da foti. Ƙarfen yana tsatsa, ƙullin yana bushewa ya tsage, yoyo kuwa abokin zama ne.

Masanin sinadarai Frederick Kipping na Nottingham ya shafe shekaru tun farkon ƙarni na 20 yana nazarin sinadaran da suka haifi silikon, kuma shi ya raɗa musu suna. A 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning a Amurka domin sarrafa su. Daga shekarun 1960 ne akwatunan gilashi zalla, waɗanda silikon kaɗai ke riƙewa, suka fara maye gurbin masu firam. Shi kansa shimfiɗaɗɗen gilashin da muke saye yau, yawancinsa ana yin sa ne ta hanyar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, inda ake zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza ya kwanta sumul.

Dalilin da silikon ke kama gilashi

Gilashin taga kusan kashi 70 cikin ɗari yashi ne, wanda aka narka tare da soda da farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,500. Yashi kuwa haɗin sinadarai biyu ne, silikan da oksijin. Ku lura, silikan shi ne sinadari na 14 a jadawalin sinadarai da kuke haddacewa, silikon kuma shi ne gam ɗin da ke cikin bututu. Shi wannan gam doguwar sarƙa ce wadda aka jera ƙwayoyin silikan da oksijin a cikinta ɗaya bayan ɗaya. Ke nan shi da gilashi 'yan gida ɗaya ne.

Idan silikon ya fito daga bututu, laimar iska ce ke sa shi daskarewa. Irin wanda ake amfani da shi a akwatin kifi yakan saki asid na asetik yayin da yake daskarewa, shi ya sa ake jin wari mai tsami irin na binega. A daidai wannan lokacin sarƙoƙinsa suna ɗaurewa da junansu, suna kuma ɗaurewa da ƙwayoyin da ke kan fuskar gilashi. Haɗin sinadarai ne na gaske, kuma ba ya yiwuwa sai ƙwaya ta taɓa ƙwaya. Idan akwai maiƙo a tsakani, ko da siririn da ido ba ya gani ne, silikon zai kwanta a kan maiƙon, ya bushe, ya yi kyau a ido, amma bai kama komai ba. Ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa a hankali har ya sami hanyar fita.

Abokan gaba huɗu

Na farko shi ne man yanka. Masu yankan gilashi da yawa sukan tsoma bakin abin yankansu a kananzir ko wani mai domin ya bi layi sumul. Man nan yana zama ne a daidai bakin gilashin, wato ainihin wurin da silikon zai hau. Don haka sabon gilashi daga shago, duk ƙyallinsa, a ɗauke shi a matsayin mai datti.

Na biyu hannunmu ne. Fatar mutum tana fitar da maiƙo da gumi, ga man shafawa, basilin ko man kaɗe da muke sha da shi lokacin hunturu, ga man ƙosai da awarar da aka ci lokacin tara. Taɓawa ɗaya ta isa.

Na uku ƙura ce da laima. Garin gilashi da ya rage bayan goge baki, ƙurar alli, ƙurar hunturu, duk suna shiga tsakani. Ruwan da bai gama bushewa ba shi ma yana hana kamu, domin silikon laimar iska yake bukata, jiƙaƙƙiyar fuska kuwa ɓata shi take yi.

Na huɗu tsohon silikon ne. Sabon silikon ba ya kama wanda ya riga ya daskare yadda ya kamata. Idan tsohon akwati za ku gyara, sai an kankare tsohon gaba ɗaya da sabuwar reza, har sai yatsa cikin safa ya daina jin santsinsa a wurin.

Abin da za a saya

Ga akwati mai girman da muka ambata, a sayi gilashi fari, shimfiɗaɗɗe, mai kaurin milimita 6. Kada a yi amfani da madubi, ko gilashin taga mai zane, ko tsohon da ya tsage. Akwai kuma gilashin da aka gasa domin ƙarin ƙarfi, irin na tagogin gefen mota. Shi wannan ba ya yankuwa, da an sa masa abin yanka sai ya tarwatse ya zama tsaki.

Wajen awo a yi hattara. Idan gefuna huɗu za su zauna a kan gilashin ƙasa, na gaba da na baya su zama 60 da 30. Ƙananan biyu kuwa tsakanin manyan za su shiga, don haka a cire kaurin gilashi biyu, santimita 1.2, a kuma cire milimita ɗaya a kowane gefe domin silikon ya sami wurin zama. Faɗinsu zai zama santimita 28.6. A rubuta wa mai yanka wannan awo a takarda.

Silikon kuma a karanta jikin bututunsa. A nemi wanda aka rubuta cewa na akwatin kifi ne. Wanda aka yi domin banɗaki da kicin yawanci an zuba masa maganin hana funfuna, kuma maganin yana iya kashe kifi. A duba ranar lalacewarsa, domin wanda ya kwana biyu a shago yakan ƙi daskarewa. Sai a haɗa da bindigar matsa shi, samfefa mai jure ruwa, salatif na takarda irin na masu fenti, safar hannu ta roba, tabarau na kariya, da fararen ƙyallaye na auduga waɗanda ba sa zubar da zare.

Abin gogewa kuwa ɗaya daga cikin biyu ne: asiton, ko sifirit na aisofrofil. Ɗakin gwaje-gwajen makaranta yakan ajiye su, ana kuma samun na biyun a kemis. Kada a goge da fetur ko kananzir, domin su kansu maiƙo suke bari. Kada a yi amfani da sanitaiza ta hannu, akwai gilisarin a cikinta. Haka ruwan cire jan farce, ko da yake akwai asiton a yawancinsa, ana ƙara masa mai da turare. Ruwan fesa wa taga ma yakan bar sabulu da ƙamshi.

Mataki-mataki

Na farko, a kashe kaifin baki. Sabon yankakken gilashi ya fi wuƙa kaifi. A sa safar hannu mai kauri da tabarau, a jiƙa samfefa, a naɗe ta a ɗan katako, a bi kusurwar kowane baki a karkace sau kaɗan har kaifin ya mutu. Ruwan yana hana garin gilashi tashi ya shiga ido ko huhu. Kusurwar kawai ake so, kada a cinye bakin har ya zama zagaye, domin shimfiɗaɗɗen bakin ne silikon zai zauna a kai.

Na biyu, a gwada haɗawa ba tare da silikon ba. A tsayar da fuskokin a kan tebur, a riƙe su da salatif, a duba kowace kusurwa da sikwaya. Idan akwai wanda bai yi daidai ba, yanzu ne lokacin mayar da shi wurin mai yanka. A sa wa kowace fuska alama a bayanta da ɗan salatif, a rubuta gaba, baya, dama, hagu.

Na uku, a wanke. Ruwa da ɗan sabulun wanke kwano sun isa su tafi da garin gilashi da yawancin maiƙo. A ɗauraye sosai har sau uku, a jingine su a inuwa su bushe ƙarau. Daga nan kowa ya sa sabuwar safar roba, kuma babu mai sake taɓa bakin gilashi da fata.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin, wato gogewa da ƙyalle biyu, yadda kamfanonin silikon kansu ke umarta. A zuba asiton ko sifirit a kan ƙyalle na farko. Kada a tsoma ƙyallen cikin kwalba, domin dattinsa zai gurɓata sauran. A goge bakin gilashi da kuma santimita uku na fuskar da ke kusa da shi, ana tafiya gefe ɗaya, ba kai-da-komo ba. Nan take, kafin ya bushe, a bi da busasshen ƙyalle na biyu. Hikimar ita ce, sifirit narkar da maiƙo kawai yake yi. Idan aka bar shi ya bushe da kansa, shi zai tashi, maiƙon kuma ya koma ya kwanta inda yake. Ƙyalle na biyu ne ke ɗauke shi. A riƙa juya ƙyallen zuwa wuri mai tsabta, a maimaita har sai farin ƙyalle ya fito fari.

Na biyar, a manna salatif na takarda a cikin kowace fuska, kamar milimita 6 zuwa 8 daga inda kusurwa za ta kasance, domin layin silikon ya fito a miƙe. Idan hannu ya kuskure ya taɓa layin, a sake gogewa, amma kada a jiƙa salatif ɗin, domin asiton yana narkar da gam ɗinsa ya shafe wurin.

Na shida, kada a jira. Gilashin da aka goge da safe ba a liƙa shi da yamma. A bar shi minti kaɗan ya bushe, sannan a fara. A matsa silikon a layi ɗaya wanda bai yanke ba, a ɗora gilashi a danna a hankali, kada a matse har silikon ya fice duka. Ta cikin gilashi za a ga layin. Idan akwai kumfar iska ko wurin da ya yi fari-fari, wurin bai kama ba. A bi kusurwar ciki da wani layin, a shafe shi sau ɗaya da yatsa cikin safa ko bayan cokalin roba. Kada a sa yawu ko ruwan sabulu. A cire salatif ɗin ciki nan take, domin cikin minti kaɗan silikon yake fara yin fata.

Yanayinmu yana da nasa hukunci

Lokacin hunturu iska ba ta da laima, don haka silikon yakan daɗe bai daskare ba, ga kuma ƙura da ke sauka a kan gilashi kafin a juya. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin a fara, a kashe fanka, a yi aikin nesa da tagar da iska ke shigowa. Lokacin bazara kuwa, a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri zafi kan wuce digiri 40, kuma gilashin da ya sha rana yana sa silikon ya yi fata kafin a gama shafe shi. A yi aikin da sassafe, a inuwa.

A bisa al'ada silikon yana daskarewa ne daga waje zuwa ciki, kimanin milimita 2 zuwa 3 a kwana guda. Mu shawararmu a ba shi mako guda cur, kuma muddin ana jin warin tsami, bai gama ba. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan haka a fitar da akwatin waje, a ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a sa masa farin soso irin na kwalin firji a ƙasa da tsohuwar jarida, a cika shi da ruwa kashi uku a hankali, a bar shi kwana biyu. Jarida za ta tona asirin ko ɗigo ɗaya ne. Kuma kada a taɓa ɗaga akwati da ruwa a ciki.

Gargaɗi

Asiton da sifirit suna kama wuta da sauri. Kada a buɗe su kusa da risho, kyandir, murhun gwaje-gwaje ko janareta. A yi aiki inda iska ke wucewa, a rufe kwalba da zarar an zuba. Tururinsu guba ne ga mai shaƙarsa da gangan, kamar dai sholisho da ya lalata matasa da yawa. Wannan aiki ne da ake yi a gaban malami ko wani babba a gida, kuma yankan gilashi a bar wa masu sana'ar.

Gwajin wannan mako

Kafin ku taɓa gilashin da kuka saya, ku roƙi mai yanka ya ba ku guntaye uku daga ragowar da yake zubarwa, ku kashe musu kaifi. Na farko ku goge shi da ƙyalle biyu. Na biyu ku goge shi, sannan ku dangwala masa yatsa bayan kun shafa mai. Na uku ku shafa masa ɗan kananzir ku share da takarda har ya yi kamar babu komai. Ku ɗiga wa kowanne ruwa ku duba: a kan mai tsabta ruwan zai baje, a kan mai maiƙo zai dunƙule kamar ƙwai. Ku bar su su bushe, ku sake goge na farkon kaɗai, sannan ku ja layin silikon mai tsawon yatsa a kan kowanne.

Bayan mako guda ku ɗaga bakin kowane layi da reza, ku ja da hannu. Wanda ya kama da gaske ba zai saki gilashi ba, sai dai silikon ɗin ya yage ya bar saura a manne. Wanda bai kama ba zai ɓantale gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba. Ku rubuta abin da kuka gani a littafin kulob, tare da kwanan wata da yanayin garinku, ku aiko mana da shi ta hannun malaminku.

A mako mai zuwa za mu duba yadda ake shirya ruwa da tsakuwa, dalilin da ya sa ba a zuba kifi a ruwan famfo kai tsaye, da kuma ko ƙananan karfasa da kurungu za su iya zama a akwati ɗaya. Sai mun haɗu.